Muryoyin Karibiyan: Shirin Rediyon Landan da Ya Raini Marubutan Tsibirai, Ya Kuma Kwashe Su

A shekarar 1948 wani saurayi mai shekara 18 a tsibirin Saint Lucia, sunansa Derek Walcott, ya tara rubutattun waƙoƙinsa guda 25 yana son ya gan su a littafi. Babu kamfanin ɗab'i a tsibirinsu da zai karɓa. Mahaifiyarsa, malamar makaranta ce da mijinta ya rasu ya bar mata yara, ita ta nemo masa dala 200. Aka aika da rubutun Tirinidad aka buga, shi kuma ya riƙa tarar mutane a titi yana sayarwa har kuɗin suka dawo. Shekara 11 kafin nan, a Giyana da ke ƙarƙashin Ingila, Edgar Mittelholzer ya yi irin haka: ya biya aka buga masa ɗan littafi, ya shiga gida-gida yana talla.

Halin da marubuci yake ciki ke nan a ƙasashen Karibiyan masu jin Turanci. Akwai masu basira, akwai abin faɗa, musamman bayan tarzomar ma'aikata ta 1937 a Tirinidad da Barbados da ta 1938 a Jamaika, wadda ta sa mutane suka fara tambayar su waye su, kuma har yaushe za a ci gaba da mulkarsu daga ƙetare. Wurin kai rubutun ne babu. 'Yan mujallun adabi sun ɓullo a shekarun 1940: Bim a Barbados, wadda malamin makaranta Frank Collymore ya riƙe, da Focus ta Edna Manley a Jamaika, da Kyk-Over-Al ta A. J. Seymour a Giyana. Amma kwafinsu kaɗan ne, kuma marubuci ba ya cin abinci da su. Ga kuma teku. Daga Kingston ta Jamaika zuwa Port of Spain ta Tirinidad kusan kilomita 1,800 ne, wato ya ninka nisan Kano zuwa Legas sau biyu. Kowane tsibiri fuskarsa na kallon Landan, ya ba ɗan'uwansa baya. Mai waƙa a Jamaika zai iya tsufa bai taɓa jin sunan takwaransa na Barbados ba.

Cikin wannan giɓi ne wani shirin BBC mai suna Caribbean Voices, wato Muryoyin Karibiyan, ya shigo. Ya yi shekara 15 yana fita, daga 1943 zuwa 1958, kuma ƙididdigar da manazarta suka saba kawowa ita ce an karanta labarai da waƙoƙi kusan 400 a cikinsa, na mutum 372. Biyu daga cikin waɗanda suka bi ta kansa sun ci kyautar Nobel ta adabi daga baya, Walcott a 1992 da V. S. Naipaul a 2001. Shirin ya yi alheri mai yawa, ya kuma yi ɓarnar da ba a cika faɗa ba, kuma duka biyun daga tushe ɗaya suka fito.

Matar da ta fara

An fi danganta shirin da wani Bature, amma mace baƙar fata ce ta kafa shi. Una Marson 'yar Jamaika ce, an haife ta a 1905, 'yar wani limamin coci. Tun tana da shekara 23 ta kafa mujallarta a Kingston. Ta tafi Landan a 1932, ta yi aiki da ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta Dokta Harold Moody, kuma a 1936 tana cikin tawagar Sarki Haile Selassie na Habasha a matsayin sakatariya lokacin da ya je Geneva ya kai kukan mamayar Italiya gaban Majalisar Ƙasashe. Mawaƙiya ce, marubuciyar wasan kwaikwayo ce, 'yar jarida ce.

A 1941 BBC ta ɗauke ta aiki a sashen da ke watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka. Dalilin BBC a fili yake. Ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, dubban 'yan Karibiyan sun shiga soja da masana'antun Ingila, Amurka kuma ta kafa sansanonin soja a wasu tsibiran, tasirinta na ƙaruwa. Landan na son a ci gaba da jin muryarta a can. Shirin da Marson ta fara riƙewa na gaisuwa ne: soja ya zo gaban makirufo ya gai da mahaifiyarsa da ƙannensa, ya ce yana nan lafiya.

A 1942 George Orwell, wanda a lokacin yake aiki a sashen Indiya na BBC, ya gayyace ta cikin wani shirinsa na adabi da ake gabatarwa kamar mujalla, inda mawaƙa ke karanta waƙoƙi su tattauna. Akwai sanannen hoto na wannan zama: Marson a zaune a tsakiya gaban makirufo, T. S. Eliot a gefenta, ga Mulk Raj Anand, ga William Empson, Orwell a tsaye a baya. Daga nan ta ɗauko dabarar. Ta ga cewa abin da aka yi wa Indiya za a iya yi wa tsibiranta, kuma a watan Maris na 1943 ta keɓe wani yanki na shirinta ga adabi. Da farko abin da aka riga aka buga ake karantawa, galibi na Jamaika, domin hanyar da sabon rubutu zai iso Landan ba ta kafu ba tukuna.

Ba ta daɗe tana cin moriyar abin da ta shuka ba. Aikin ya yi mata yawa, ta sha raini daga wasu Turawan da take aiki da su, ta sha suka daga wasu 'yan yankinta mazauna Landan. Lafiyarta ta taɓu, aka kwantar da ita, daga bisani aka mayar da ita Jamaika a 1946. Abin da ta yi bayan ta warware yana da muhimmanci ga wannan nazari: ta shiga aikin Pioneer Press, reshen buga littattafai na kamfanin jaridar Gleaner a Kingston, tana fitar da littattafai masu araha na marubutan gida. Ita ta riga kowa gane cewa murya daga Landan ba za ta wadatar ba sai da maɗaba'a a gida. Ta rasu a 1965, kuma sai a 1998 aka samu cikakken littafin tarihin rayuwarta, wanda Delia Jarrett-Macauley ta rubuta.

Yadda abin yake tafiya

Bayan ɗan riƙon ƙwarya da marubuciya Mary Treadgold ta yi, sai shirin ya koma hannun Henry Swanzy a 1946, ya riƙe shi har 1954. Swanzy ɗan ƙasar Ailan ne, haifaffen yankin Cork, ya yi karatu a Oxford. Shi da kansa ya danganta tausayinsa ga marubutan tsibirai da asalinsa, domin mutumin Ailan ya san ɗacin rubutu da harshen wanda ya mallake shi.

Tsarin da ya ginu a zamaninsa ga shi. A Kingston akwai wakiliyar BBC, Gladys Lindo, tare da mijinta Cedric Lindo. Ana sanarwa a jaridun tsibirai cewa mai labari ko waƙa ya aiko. Lindo ta tara, ta tace, ta aika Landan. Swanzy ya zaɓa, ya gyara, ya ba masu karatu, a ɗauka a faifai, ranar Lahadi a watsa ta gajeren zango. Gidajen rediyon tsibiran su kama su sake yaɗawa, wasu ta cikin akwatunan nan masu waya da ake kafawa a gidaje a biya kuɗin wata, irin waɗanda aka taɓa yi a Kano. Tsawon shirin bai wuce rabin sa'a ba. Labarin da aka rubuta a wani ƙauye na Tirinidad sai ya ratsa teku zuwa Jamaika, ya ratsa wani tekun zuwa Ingila, kafin ya dawo ta iska maƙwabcin marubucin ya ji shi.

Abu na farko da ya bambanta shirin da mujallun gida shi ne kuɗi. BBC na biya, kuma gwargwadon mintocin da rubutu ya ci a iska take biya. Ga malamin firamare ko akawun gwamnati a Bridgetown, takardar kuɗi daga Landan ba ƙaramin abu ba ce. Ta sayi takarda da tawada, ta kuma rufe bakin dangi masu cewa rubutu aikin banza ne. Ban ga laifi a faɗi wannan a sarari ba: adabin yanki guda ya tashi ne domin an samu wanda ke biyan lada a kan lokaci, mako bayan mako, shekara da shekaru. Masu karatun ma ana biyansu, kuma da yake Swanzy ya fi son 'yan yankin su karanta, wannan ya zama abincin matasan marubuta da suka iso Landan aljihu wayam. Sam Selvon ya karanta, George Lamming ya karanta, 'yar wasan kwaikwayo Pauline Henriques ta karanta.

Abu na biyu shi ne amsa. Swanzy ba ya karɓar rubutu ya yi shiru. Yana rubuta wasiƙa ya ce ga inda labarin ya yi ƙarfi, ga inda ya kwanta. Yana gayyato masu sharhi, irin su marubuci Arthur Calder-Marshall, su tattauna abin da aka watsa. Kowane wata shida kuma shi da kansa yakan zauna gaban makirufo ya yi bitar duk abin da ya fita, yana kiran sunaye, yana yabo, yana suka. A tsibirai ana jiran wannan bita kamar sakamakon jarrabawa, Collymore ma yakan buga ta a Bim. Marubucin da ya saba da yabon abokai kawai, ranar nan zai ji wani wanda bai san shi ba, ba ya kuma jin nauyinsa, yana auna aikinsa da na wani a tsibirin da bai taɓa takawa ba. Ta haka mutanen da teku ya raba suka zama tsara guda, suna gasa da juna, suna koyi da juna.

Collymore ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan. Shi ne malamin Lamming a makarantar Combermere, shi ya buɗe masa ɗakin littattafansa. Shi ne kuma ya ga ɗan littafin Walcott ya yi ta yaɗa labarinsa, har waƙoƙin suka kai ga Swanzy aka karanta su a 1949. Tsakaninsa da Swanzy wasiƙu ba sa yankewa, abin da ya fita a Bim yakan shiga rediyo, abin da aka ji a rediyo yakan sauka a Bim. Ba don irinsa a gida ba, da Landan ba ta san wanda za ta saurara ba.

Rubutu domin kunne

Ma'aunin Swanzy ɗaya ne, kuma ya nace a kansa: rubutu ya ɗauko ƙamshin ƙasar da ya fito. Yawancin waƙoƙin da ke isowa da farko kwaikwayon mawaƙan Ingila ne na ƙarni na 19, waɗanda aka haddace a makaranta. Yaron da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba yana mata waƙa, yana kiran furanni da tsuntsayen da ba su taɓa sauka a tsibirinsu ba. Swanzy yakan mayar da irin waɗannan. Yana son gonar rake, da layin famfo, da tsakar gidan haya, da maganar direba da mai tallan kifi.

A nan aka yi ta ja-in-ja, kuma ba da Turawa aka yi ba. Masu ilimin boko na tsibiran, waɗanda aka yi wa bulala a makaranta domin su daina Turancin gida, sun ji kunya da haushi da suka ji wannan Turancin yana fitowa daga Landan. Turanci ne da ya cakuɗe da harsunan Afirka tun zamanin bauta, a Tirinidad da Giyana kuma ya ɗebo daga bakin 'yan Indiya da aka kawo aikin rake. Wasu masu sauraro sun yi ƙorafin masu karatun, sun fi son a ba Bature ya karanta. Wasiƙun da suka gudana tsakanin Swanzy da Gladys Lindo sun nuna cewa ra'ayinsu kan zo ya saɓa, domin ita ta fi karkata ga rubutu mai tsabtar nahawu, shi kuma yana tsoron kada tacewarta ta zubar da abin da yake nema.

Kada a ɗauka Swanzy ne ya ƙirƙiro rubutu da harshen gida. Claude McKay ya buga waƙoƙi da karin Jamaika tun 1912. Louise Bennett ta fitar da nata a 1942, kuma da ta zo Landan karatun wasan kwaikwayo a 1945 ta riƙe nata shirin a BBC. Vic Reid ya buga littafinsa New Day a New York a 1949, da muryar tsohon baƙauyen Jamaika daga farko har ƙarshe. Abin da rediyo ya ƙara shi ne hujjar da ba a iya musunta ta. A takarda, Turancin gida yakan zama kamar kuskure, ido na tuntuɓe da rubutunsa. A kunne kuwa ba ya buƙatar kariya: mai sauraro ya ji muryar kakarsa ce, da kiɗanta da barkwancinta. Marubucin da ya san cewa karanta aikinsa za a yi, dole ya rubuta jimlar da numfashi zai iya ɗauka, ya kama mai sauraro tun a minti na farko, ya bar dogon kwatance ya bar mutanen labarin su yi magana.

Selvon ne ya fi kowa cin ribar wannan horo. Ɗan Tirinidad ne, ya yi aikin sadarwa a rundunar ruwa lokacin yaƙi, sannan ya yi aiki a jaridar Trinidad Guardian, yana aika labarai ga shirin tun yana gida. Da ya zo rubuta The Lonely Londoners, labarin baƙi 'yan tsibirai a Landan wanda ya fito a 1956, ya fara da daidaitaccen Turanci, abin ya ƙi tafiya. Sai ya bar mai ba da labarin ma ya yi magana da harshen mutanen da yake ba da labarinsu, littafin ya zubo. Wanda ya shekara yana karanta labarai gaban makirufo ya riga ya san cewa wannan harshe zai iya ɗaukar labari tun daga kai har wutsiya. Kamau Brathwaite, mawaƙin Barbados wanda shi ma ya bi ta shirin, ya yi hukunci daga baya cewa babu abin da ya zaburar da adabin Karibiyan na Turanci kamar Caribbean Voices.

Ɗakin 'yan ƙwadago a Langham

Labarin gidan Naipaul ya nuna yadda shirin ya shiga rayuwar iyali guda. Uban, Seepersad Naipaul, ɗan jarida ne a Tirinidad, ya biya aka buga masa littafin gajerun labarai a 1943, kuma Swanzy ya watsa wasu labaransa. Ɗan ya tafi Oxford a 1950. Wasiƙun da suka yi wa juna, waɗanda aka buga a 1999, cike suke da zancen wane labari za a aika, wanne aka karɓa, nawa aka biya. Uban ya rasu a 1953 bai ga littafinsa ya fito a Landan ba.

Da Swanzy ya tashi a 1954, ɗan ne aka ba aikin gabatar da shirin, yana da shekara 22, ba shi da wani abin dogaro. BBC na amfani da tsohon otal ɗin Langham a matsayin ofisoshi, kuma akwai ɗaki da aka ware wa masu aikin wucin gadi, da tafireta da takarda. A wannan ɗaki, a 1955, ya zauna ya buga labari na farko game da mutanen wani layi a Port of Spain. Abokan aikinsa na ɗakin, cikinsu har da Andrew Salkey ɗan Jamaika, suka karanta suka ce ya ci gaba. Cikin 'yan makonni ya gama abin da ya zama Miguel Street. Kamfanin André Deutsch ya riƙe littafin har 1959, yana cewa gajerun labarai na sabon marubuci ba sa sayuwa, sai ya fara kawo ƙagaggen labari mai tsawo. Naipaul ya yi suna daga baya da kaushin harshe a kan yankin da ya fito, amma muryar da ta fara buɗe masa ƙofa ta mutanen layin nan ce, kuma a ɗakin rediyo ya same ta.

Abin da tsibiran suka biya

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan mai saye ɗaya ne, abin da yake so shi za a kawo kasuwa. Ma'aunin Swanzy ya ceci marubuta daga kwaikwayon Ingila, amma shi ma ya zama wani ƙangi. Wanda ke son ya rubuta rayuwar lauya ko likita a birni, ko abin da ke damun zuciya wanda ba shi da rake ko kwakwa a ciki, zai iya jin cewa bai cika ɗan ƙasa ba a idon wani mutum da ke zaune a Landan. Swanzy mutumin kirki ne bisa shaidar waɗanda suka yi hulɗa da shi. Lamming ya rubuta cewa babu marubucin ƙagaggen labari na yankin da bai amfana da aikinsa da karamcinsa ba, gidansa kuma ya zama majalisar marubuta. Duk da haka, kirkin mutum ɗaya ba ya gyara tsarin da ya sa ɗanɗanon mutum ɗaya ya zama ƙofar adabin ƙasashe da yawa.

Mai karatun Hausa ya san irin wannan. Gasar 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya, wadda ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Gwarzo, ita ma Bature ɗaya ne ya nema, ya zaɓa, ya gyara. Bambancin da nake gani babba ne. Ofishin East a Zariya yake, harshen Hausa ne, masu karatun kuma suna nan. Da aikin ya kira Imam, daga Katsina ya koma Zariya. Da aikin ya kira marubutan Karibiyan, jirgin ruwa suka hau.

Wannan ita ce babbar asarar. Mittelholzer ya tafi a 1948, shekarar da jirgin Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan 'yan Jamaika a Tilbury, shekarar kuma da dokar Birtaniya ta tabbatar wa mutanen ƙasashen da take mulka izinin shiga su zauna. Selvon da Lamming sun shiga jirgi ɗaya a 1950. Salkey ya bi, wasu da yawa suka bi. Ba su yi wauta ba. Edita na Landan, ladan karatu na Landan, kamfanonin ɗab'i na Landan, masu sharhin jaridu na Landan. Littattafan suka fara fitowa a jere: na Mittelholzer a 1950, na Selvon a 1952, In the Castle of My Skin na Lamming a 1953. Lamming ya lura cewa ɗan Barbados ko ɗan Tirinidad bai san kansa a matsayin ɗan yanki guda ba sai da ya haɗu da ɗan wani tsibirin a Ingila. Magana ce mai daɗi da ciwo. An haifi adabin yankin, amma a gidan wani, kuma littattafan suka riƙa komawa gida a matsayin kayan waje masu tsada. Walcott yana cikin 'yan kaɗan da suka zauna, ya yi karatu a sabuwar kwalejin jami'a ta Mona a Jamaika, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a Tirinidad a 1959, kuma sai a 1962 littafin waƙoƙinsa ya fito a Landan.

Asarar ta fi faɗawa kan mata. Cikin mutum 372 ɗin nan mata ba kaɗan ba ne, akwai irin su Gloria Escoffery da Sylvia Wynter. Amma hanyar da ta kai daga rediyo zuwa littafi ta bi ta jirgin ruwa da ɗakin haya a Landan da zaman majalisa da editoci, kuma matar da ke da yara ko iyaye tsofaffi ko aikin koyarwa ba ta iya bin wannan hanya. Murya ta fita ranar Lahadi ta wuce, littafi ne ke zama a kanta a ɗora shi a manhaja. Shi ya sa da aka zo rubuta tarihin wannan zamani sai ya zama jerin sunayen maza bakwai ko takwas. Yawancin faifan ba a adana su ba. Takardun shirin ne suka tsira a ma'ajiyar BBC da ke Caversham, wasiƙun Swanzy kuma a Jami'ar Birmingham, kuma daga cikinsu ne manazarta ke tono sunayen da suka ɓace. Duk wanda ke sauraron labaran gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, ya dace ya tambaya nawa ne daga cikin waɗanda aka karanta suka kai ga littafi, kuma wa zai buga.

Rufewa, da abin da aka yi a Accra

Bayan Naipaul, Mittelholzer ya riƙe shirin, sannan BBC ta rufe shi a 1958. Hujjar da aka bayar ita ce yaran sun girma, sun wuce renon uba. A shekarar ce aka kafa Tarayyar Tsibiran Yammacin Indiya, wato tsibiran Karibiyan da Ingila ke mulka, ana sa ran ƙasa guda mai gwamnati guda za ta ɗauki nauyin al'adunta. Tarayyar ta watse a 1962. Waɗanda suka girma ɗin kuwa su ne waɗanda suka riga suka samu kamfanin ɗab'i a Landan. Sabon marubuci a Grenada ko Saint Vincent ya wayi gari babu mai biya, babu mai amsa wasiƙa. John Figueroa ya tattara waƙoƙi a kundi biyu da ya ba sunan shirin, a 1966 da 1970.

Swanzy kuwa da ya bar shirin, Afirka ta Yamma ya nufa. Daga 1954 zuwa 1958 yana Accra a matsayin shugaban shirye-shirye na gidan rediyon Gold Coast (wato Ghana ta yau), gidan da ke watsa shiri da harsunan ƙasar, har da Hausa. Brathwaite ma ya iso ƙasar a 1955 ya yi aikin ilimi har 1962. A Accra Swanzy ya sake gwada dabarar da wani shirin adabi mai suna The Singing Net: a aiko da rubutu, a karanta a iska, a biya. Amma a wannan karon gidan rediyon na cikin ƙasar, ana kuma shirin karɓar mulkin kai, wanda ya zo a watan Maris na 1957. Malaman makaranta da akawuna da ɗalibai suka yi ta aikowa. Cameron Duodu, wanda ya zama babban ɗan jarida, yana matashin malami ya aika labarinsa aka karanta, daga nan ya samu aiki a gidan rediyon. Kwesi Brew ma yana cikin mawaƙan da aka ji. A 1958, shekarar da Landan ta rufe nata shirin, ma'aikatar yaɗa labarai ta Ghana ta buga zaɓaɓɓun rubuce-rubucen a littafi mai suna Voices of Ghana, a Accra, da kuɗin gwamnatin ƙasar. An sake buga shi a 2018.